Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya: Abin Da Littafin Raunuka Ya Koya Mana



A cikin akwatin ƙarfen da ke kusurwar zauren Sarki, inda muke ajiye takardun jama'a, akwai littattafai huɗu. Na farko na ɗaurin aure ne da suna, na biyu na rasuwa da rabon gado, na uku na sulhu tsakanin maƙwabta da masu haya. Waɗannan ukun mun gaje su daga magatakardan da ya gabace mu, Allah Ya jiƙansa. Na huɗun kuwa mu muka buɗe shi da hannunmu. Littafin makaranta ne mai shuɗin bango, mun rubuta a kansa da ajami da boko: Littafin Raunuka. A cikinsa muke rubuta duk yaron da ya ji ciwo a filin atisayen damben da ke bayan makarantarmu: ranar da ya ji, inda ya ji, abin da aka yi masa, da ranar da aka yarda ya koma. Baƙi kan yi dariya in sun gan shi. Mu ma da farko mun ɗauke shi ƙaramin aiki. Labarin yadda aka buɗe shi, da abin da ya koya mana, shi muke so mu ba ku yau.

Wanda ya san Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana, ya san ba a raba samarinta da dambe. Unguwar Bukom ta mutanen Ga, can bakin teku, ita ce uwar wannan sana'a. A 1975 D.K. Poison ya zama ɗan Gana na farko da ya ci kambin duniya. A 1984, muna yara a makarantar allo, Azumah Nelson ya ci nasa, gari ya ɗauki sowa har cikin zango. Ike Quartey ya biyo baya a 1994. Da Samuel Takyi ya dawo da lambar tagulla daga gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, sai ka ga kowane yaro a lungu yana naushin iska. Mu Hausawa kuwa abin ba baƙo ba ne a jininmu, domin dambe da kokawa wasannin kakanninmu ne, mahauta da manoma suna yin su bayan kaka tun kafin a san safar hannu.

Saboda haka da samarinmu suka zo zaure suna roƙon a ba su filin bayan makaranta, tare da wani ɗan zango da ya yi dambe a Bukom shekaru masu yawa ya yarda zai horar da su kyauta, Sarki bai ja magana ba. Ya ce yaron da ya tashi da asuba ya yi gudu, ya dawo da yamma ya bugi buhu har ya gaji, ba shi da sauran ƙarfin zaman banza a bakin kwata. Aka rataye buhu biyu a jikin ƙarfe, aka sayo igiyar tsalle da safar hannu na gwanjo. Iyaye suka yi murna. Babu wanda ya tambayi abin da za a yi ranar da wani ya ji ciwo, mu ma ba mu tambaya ba.

Wata Laraba bayan la'asar, muna cikin rubuta takardar sulhu, sai ga wata baiwar Allah ta yi sallama, tana riƙe da rigar ɗanta kamar wanda ta kamo da sata. Mijinta ya rasu, koko da ƙosai take sayarwa da safe, wannan yaron shi ne babba, yana koyon aikin kafinta. Ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da filinku ya yi mini. Maigidansa ya koro shi, wai ya zama malalaci, guduma ma ba ya iya riƙewa. Sai jiya da dare na ji yana nishi, na haska fitila na ga hannun.”

Tsintsiyar hannunsa ta dama ce. Kumburin ma ba wani babba ba ne, wanda bai sani ba sai ya wuce. Sarki ya dubi yaron ya ce, “Ɗana, yaushe ka ji wannan?” Ya sunkuyar da kai ya ce ya kusa wata guda, ya zame ne suna gwaji, ya dafa ƙasa da tafin hannu. Sarki ya ce, “Wa ka faɗa wa?” Ya ce babu. “Me ya sa?” Sai ya ce, “Ranka ya daɗe, kada a ce ni rago ne. Kuma kada Inna ta hana ni zuwa.”

Washegari muka raka su asibiti. Aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa, wanda bai fi ƙwayar dabino girma ba, ya tsage. Ya bayyana mana cewa wannan ƙashin mayaudari ne: in ya karye yakan yi kama da targaɗe, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna shi, kuma jini ba ya isarsa sosai, don haka in aka bar shi ana aiki da hannun yana iya ƙin haɗewa. Alamar da ya ce a riƙe ita ce zafi a ɗan ramin nan da ke bayyana a gefen tsintsiyar hannu in mutum ya ɗaga babban yatsa. Aka ɗaure hannun da siminti, ya yi kusan wata uku a ciki. Wata uku babu aiki, a gidan da ake jiran abin da zai kawo.

A hanyar dawowa muna cikin mota mun yi niyyar yi wa yaron faɗa, sai idonmu ya faɗa kan namu hannun. Manuniyarmu ta dama ba ta miƙewa sosai. Duk wanda ya yi salla kusa da mu ya ga yadda take lanƙwashe a tahiya, kuma ita ce dalilin da rubutunmu yake kwanciya gefe. Muna da shekara goma sha biyu muka same ta, a kokawar da muke yi kan yashi bayan karatun dare. Mun ɓoye ta a cikin hannun riga mako biyu saboda tsoron bulalar Malam da dariyar tsara. Ko da aka gani ta riga ta kama a karkace. Shekara arba'in ke nan muna ɗauke da ita. To da wane baki za mu zargi wannan yaro? Abin da muka koya masa ne ya yi. Tun yana rarrafe, in ya faɗi ake ce masa namiji ba ya kuka. Mun yabi dauriya har yaranmu sun kasa bambanta ta da ɓoye ciwo.

Da aka zauna a zaure, wasu dattawa suka ce a rufe filin kawai a huta. Mai horarwa ya ce shi bai sani ba, da ya sani da bai bari ya ci gaba ba, kuma mun yarda da shi. Sarki ya saurari kowa, sannan ya ce in an rufe filin yaran ba za su daina dambe ba, za su koma inda ba ma ganinsu ne. Ya juyo ya ce mana, “Malam, ka nemo littafi. Daga yau duk wanda ya ji ciwo, ko ƙujewa ce, sai ya zo ya faɗa an rubuta. Wanda ya faɗa ba shi da laifi. Wanda ya ɓoye aka gano, shi ne zai bar filin wata guda.” Ya kuma sa aka kira wata 'yar zango, ma'aikaciyar jinya, ta zo ranar Lahadi ta zauna da mu da mai horarwa da iyaye mata. Yawancin abin da za mu faɗa daga nan daga bakinta muka fara jinsa, littafin kuma ya gaskata shi a hankali.

Abu na farko shi ne yaro ya san irin ciwon da yake ji. Akwai tsamin jiki, wanda yake zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye mai tsanani, ya game cinyoyi da kafaɗu duka biyu, ya yi sauƙi in an motsa. Wannan kuɗin shiga ne, kowa yana biya, maganinsa barci da abinci da ruwa. Akwai kuma ciwon da yake zuwa farat ɗaya, a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in an yi amfani da gaɓar, ko yana tashin mutum daga barci. Wannan saƙo ne, kuma jiki magayi.

Mafi yawan abin da ke cikin littafin targaɗe ne, a idon sawu da tsintsiyar hannu da yatsu, sai taruwar jini a ƙarƙashin fata. A nan muka yi doguwar muhawara da iyayenmu mata. Abin da muka tashi muka gani shi ne, da yaro ya yi targaɗe sai a dafa ruwa, a gasa wurin da tsumma, a murza da man kaɗanya har ya yi ihu. Ma'aikaciyar jinyar ta ce a kwana biyun farko zafi da murza suna ƙara kumburi ne, domin ƙananan hanyoyin jini sun fashe a ciki, zafi kuwa buɗe su yake yi. Abin da ake so a lokacin shi ne sanyi: a sami ruwan leda da ya daskare, a naɗe shi a ƙyalle kada ya taɓa fata kai tsaye, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku. A ɗaure da bandeji daidai wa daida, in yatsu suka yi sanyi ko suka mutu a sassauta. A ɗaga gaɓar a kan matashi. Wata tsohuwa ta ce, “Yarinya, da wannan gashin muka raini ubanki.” Ita kuwa ta yi murmushi ta ce, “Gaskiya ne, Kaka, gashinku yana nan, lokacinsa kawai muka matsar.” Bayan kwana biyu ko uku, in kumburi ya fara sauka, ruwan ɗumi da man kaɗanya da shafa a hankali suna da amfani, kuma a lokacin ne ake so a fara motsa gaɓar kaɗan-kaɗan kada ta sandare. Da haka aka rabu kowa da nasa.

Ta ba mu ma'auni mai sauƙi na idon sawu, wanda har yara sun haddace: in mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko in an danna kan ƙashin kansa ya yi zafi, to sai hoto. Haka in gaɓa ta sauya kama, ko kumburi ya kwana uku bai ragu ba. Game da maɗori kuwa, ba mu raina shi ba, mun san mutanen da suka warke a hannunsa. Sharaɗin da Sarki ya sa shi ne a fara ganin hoto kafin kowa ya ja ko ya murɗa, domin hannu ba ya ganin abin da ke cikin tsoka. Shi ya sa yanzu ba a karɓar yaro a filin sai ya nuna katin inshorar lafiyarsa da bai mutu ba.

Haɓo yana yawa, musamman da hunturu, lokacin da cikin hanci yake bushewa. Da can mukan ce yaro ya ɗaga kai sama, ashe jinin maƙogwaro yake bi. Yanzu zama yake yi ya ɗan sunkuya gaba, ya matse tattausan wurin hancin minti goma ba tare da saki yana leƙawa ba. Ƙujewa da fashewar leɓe ana wanke su da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe, ba toka, ba man birki, ba ƙasa. In ƙarfe mai tsatsa ne ya yanki yaro, a tambayi allurar tetanus. Akwai kuma wani abin da ba mu zata zai shiga littafin ba: makero. Yara goma suna sa safar hannu ɗaya, suna goge gumi da tawul ɗaya, sai ga shi yana zagaya su. Yanzu kowa da ƙyallen naɗe hannunsa da tawul ɗinsa, safar kuma ana shanya ta a rana.

Abu ɗaya ne muka cire daga jerin ƙananan raunuka gaba ɗaya, shi ne bugun kai. Yaron da aka nausa ya ga jiri, ko ya rasa inda yake, ko ya manta abin da ya faru, ya gama na ranar, ko da ya rantse ya warware. Ba sai ya suma ba. Za a raka shi gida a gaya wa iyayensa su sa masa ido kwana biyu. In ya yi ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, ko magana ta harɗe, sai asibiti ko da tsakar dare ne. A dokokin gasa ma, wanda aka buge ya kasa tashi ana hana shi hawa fage akalla kwana 30. Ƙashi yana da hoto da siminti. Ƙwaƙwalwa ba ta da abin ɗaurewa sai hutu.

Sai maganar ƙwayoyi, wadda ta fi ba mu tsoro. Duk wanda ke zaune a zango ya san abin da tiramol ya yi wa samarinmu. Da yawa ba don maye suka fara ba, don ciwo ne: kafaɗa tana zafi, gobe akwai aiki, aboki ya miƙo ƙwaya, zafi ya ɓace. Amma raunin yana nan, muryarsa kawai aka toshe, sai mutum ya ci gaba da dukan buhu da hannun da ke neman hutu. Magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, yana kama mutum, yawansa kuma yana jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Dokar filinmu ita ce ba a shan maganin kashe zafi don a samu a yi atisaye. Farasitamol a kan ƙa'ida bayan an tashi, babu laifi. Irin su ibuprofen da diclofenac kuwa ba a shan su da yunwa ko da ƙishirwa, domin suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda. Wannan ya fi muhimmanci da azumi, shi ya sa a watan Ramadan ake rage atisaye a mai da shi bayan tarawihi.

Sai dai duk wannan sani ne, kuma sani ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne zama. Saurayi ɗan shekara goma sha bakwai ya fi son a yi masa bulala goma da a ce ya zauna mako biyu yana kallon tsaransa. Mun lura cewa wanda aka tura gida ya zauna, ko dai ya dawo kafin lokaci ya sabunta ciwon, ko kuma kada ya sake dawowa sam, sai a gan shi a wata majalisa. Mai horarwa ne ya samo dabara. Mai rauni yana zuwa fili kullum. In hannu ne, yana gudu yana koyon taku. In ƙafa ce, yana zaune yana aikin hannu. In duka ba hali, shi ne mai riƙe agogo, shi ke buga ƙarfe in minti uku sun cika, shi ke naɗe wa ƙanana hannu. Da yawa sun ce a kan wannan bencin suka fara ganin kurakuran da ba sa gani suna cikin fage. Komawa kuma mataki-mataki ce: naushin iska, sannan buhu a hankali, sannan gwaji da mutum. In zafi ya dawo a wani mataki, a koma na baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wani ɓangare da ya faɗo a kanmu, mu da muka zauna gaban malamai. Mun gano wasu yaran suna kwance bandeji sau biyar a rana don alwala, wasu kuma suna cije baki su yi sujada a kan gwiwar da ta kumbura, don kunyar a gan su suna salla a zaune kamar tsofaffi. Wani ma ya daina zuwa jam'i. Sai muka zaunar da su muka karanta musu abin da ke cikin littattafan fiƙihunmu na Malikiyya: cewa wanda wanke rauni zai cutar da shi yana shafa a kan ɗaurin, cewa wanda ya kasa tsayuwa yana salla a zaune, wanda ya kasa sujada yana nuni, cewa haɓo ba ya warware alwala. Malaman da suka rubuta waɗannan babuka ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun san jikin ɗan Adam yana rauni, kuma ba su ɗauki hakan abin kunya ba. Haƙuri shi ne ka karɓi abin da ya same ka ba tare da ƙorafi ga Ubangiji ba, kana neman magani. Jiki amana ne, mai ɓoye ɓarnar amana kuwa ba a kiransa jarumi.

Ba za mu ce komai ya gyaru ba. Har yanzu akwai masu ɓoyewa, musamman in gasa ta matso. Akwai wanda ya bar filinmu ya koma inda ba a tambaya. Akwai iyayen da kuɗin mota zuwa asibiti ma yake yi musu nauyi, sai an yi karo-karo a zaure. Yaron nan kafinta ƙashinsa ya haɗe, alhamdu lillahi, Sarki ya aika aka roƙi maigidansa ya mai da shi. Amma hannun bai koma lanƙwasa kamar da ba, in hunturu ya shigo yana jinsa. Ya bar gwaji da mutane, shi ne yanzu mai naɗe wa ƙanana hannu. Kwanakin baya ya shigo zaure riƙe da hannun wani ɗan shekara goma sha uku da yatsarsa ta kumbura, yaron yana turjewa yana cewa ba komai. Ya ce mana, “Baba Malam, a rubuta shi. Ni ma haka na ce.” Muka ɗauki alƙalami da karkatacciyar yatsarmu muka rubuta.

Kiranmu ga 'yan uwa a Kumasi da Tamale da sauran zango-zango, inda yara ke dambe ko kokawa ko takwando ko ƙwallo, shi ne: kada ku hana su, kuma kada ku sake su. Ku sami mutum ɗaya da yaro zai iya gaya wa ciwonsa ba tare da tsoron dariya ko duka ba. Uwa, in kin ga ɗanki yana cin tuwo da hagu, ko yana ɗingishi in ya zaci ba a kallonsa, ki tambaye shi da murya mai sanyi. Uba, ranar da ɗanka ya ce maka wuri kaza yana yi masa ciwo, ka ce masa ya kyauta da ya faɗa, kafin ka ce komai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya tsare su a fage da wajen fage. Wassalamu alaikum.